Abin da Ya Riƙe Ni Bayan Rasuwar Ɗan Farina

Na daɗe ina so in yi muku godiya a rubuce, domin a kwanakin da kuka cika ƙofar gidanmu bakina bai iya furta komai ba sai "an gode". Shekara biyu ke nan da ɗan farina ya rasu. Da yawanku kun san shi, kun ma fi ni kiran sunansa, tunda alkunya ba ta bar ni na kama shi a gaban mutane ko sau ɗaya ba. A nan ma zan ce "yaron" kawai, kamar yadda na saba.

Bayan godiya akwai wata tambaya da ta sa na ɗauki alƙalami. Wata maƙwabciyata Musulma, wadda nata yaron ke fama da irin ciwon da ya tafi da nawa, ta tambaye ni cikin tausayi yadda na yi zuciyata ba ta fashe ba. 'Yata ta cikina ta yi mini kusan irin tambayar, amma ita cikin fushi: me nake zuwa nema a coci har yanzu? Ni ba fasto ba ce, malamar firamare ce. Abin da zan faɗa shi ne abin da ya same ni da abin da na riƙe.

Mu mutanen Wusasa ne, can gefen Zariya. Hausawa ne mu gaba da baya, Kiristoci kuma tun kakanni. Aikin maigidana ne ya kawo mu nan 'yan shekaru bayan an ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa a Akurba. A unguwa muna tare da 'yan uwanmu Hausawa Musulmi, harshe ɗaya, tuwo ɗaya. A coci kuma muna tare da Eggon da Alago da Mada da Tibi, da Hausa muke yin sujada gaba ɗayanmu. A nan Lafiya aka haifi yaron. Maigidana yakan ce garin sunansa Lafiya, mu kuwa ita muka shekara goma sha tara muna nema a cikinsa.

Yana da wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ya yi ta kuka kwana da kwanaki. Aka auna jininsa aka ce sikila ce, wato amosanin jini. Likitan ya zana mana a takarda. Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce, tana bin ƙananan hanyoyin jini ba wahala, tana kuma yin kamar kwana 120 kafin ta mutu. Ta mai sikila takan lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale, ta toshe hanya, kuma da ƙyar take wuce kwana 20. Toshewar ita ce azabar da ke sa yaro ihu kamar ana sarar ƙashinsa, saurin mutuwar ƙwayoyin kuma shi ne ƙarancin jinin. Ya ce ni AS ce, maigidana ma AS ne, kuma duk cikin da na ɗauka akwai kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Lokacin aurenmu ba wanda ya yi mana zancen wannan gwaji, a gida ko a coci. Daga baya na ji cewa kusan ɗaya cikin kowane mutum huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar, kuma jarirai wajen 150,000 ake haifa da ciwon a ƙasar nan kowace shekara.

Haka muka shiga. Na koyi tsoron hunturu da ruwan sama na farko da cizon sauro. Na san yadda ake gasa masa gaɓoɓi da tawul mai ɗumi, na san lokacin da za a ɗura masa ruwa ko ba ya so, na kuma san launin idonsa idan jini ya yi ƙasa. Shi kuwa yaro ne mai barkwanci. Yana son gyaran rediyo da waya, har samarin unguwa suka sa masa Injiniya. Idan yana da lafiya ba ka cewa shi ne jiya yake birgima a ƙasa.

Abin da ya fi ba ni wahala bayan ciwon kansa shi ne masu kawo dalili. Kowa ya zo dubiya da nasa. Wata ta ce irin 'ya'yan nan ne masu zuwa su koma. Wani ya ce mu bincika zuriyarmu, akwai zunubin da ba a tuba ba. Wani mai wa'azi da ya kafa rumfa a wani gefen gari ya ce bangaskiyata ce ba ta kai ba, in sayi man da ya yi wa addu'a, in daina ba yaron ƙwayoyin asibiti in ga ikon Allah. Na kai maganar wurin fastonmu na lokacin, dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce, "Mama, ki ba shi maganinsa a kan lokaci, ki yi addu'a a kan maganin. Wanda ya ba likita ilimi shi ne wanda kike roƙo." Ya kuma tuna mini da sura ta 9 ta Bisharar Yohanna, inda almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka so su san ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya kawar da duka biyun. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da zancen laifi nakan tuna cewa an riga an yi wannan tambayar a gaban Ubangijina, kuma bai ɗora wa iyayen ba.

Mafi haɗari shi ne na cikin gida. Wata shekara da ciwon ya tsananta, yayar maigidana ta zo daga gida da labarin cewa an duba mata, wai wata tsohuwa ce a layinmu ta kama kurwar yaron. Tsohuwar nan ba ta da kowa, tuyar ƙosai take yi, kuma ita ce ke aiko wa yaron da na farko mai zafi. Na san abin da irin wannan magana ke jawowa idan ta fita waje, kun sani ku ma. Maigidana ya ɗauko takardar asibiti ya ajiye a gabanta ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Ga abin da ke damunsa nan a rubuce, jinina ne da na uwarsa. Maganar nan kada ta wuce ɗakin nan." Ta yi fushi ta koma, amma maganar ba ta fita ba. Tsohuwar ta rasu ba ta taɓa sani ba. Mai baƙin ciki yana neman wanda zai kama, kuma yawanci marar gata hannunsa ke kaiwa. A ganina hana kai wannan yana cikin riƙe bangaskiya.

A watan Fabrairu na 2023 ciwon ya hau masa ƙirji. Kun tuna lokacin, canjin kuɗi ne, mutum na da kuɗi a banki amma ba ya iya sayen ko kokon safe. Muka kai shi asibiti aka ce sai an ƙara jini. Masu POS ba tsaba, in ka tura ta waya sai ta maƙale. Alhajin da ke sayar da hatsi a bakin layinmu ya ji labari, ya zo da kansa da dare da cinikin ranar a aljihu, ya damƙa wa maigidana ya ce, "Malam, riƙe wannan. Maganar biya sai yaro ya tashi." Bayan sallar isha'i 'yan acaɓa uku na unguwar nan suka zo aka auna su, jinin biyu ya dace, suka bayar. Jinin nan ya ƙara masa kwana huɗu, kuma a cikin kwana huɗun ya yi magana da ubansa da ƙannensa, ya yi addu'a da fasto. Daren ƙarshe ina shafa masa baya ya ce, "Mama, na gaji." Na ce, "Na sani." Kafin asuba ya cika.

Kalmar da na fi ji a zaman makoki ita ce haƙuri. Musulmi ya ce sai haƙuri, Kirista ya ce sai haƙuri, wasu suka ƙara da cewa in tuna da Ayuba. Dukanmu mun san Ayuba, har karin magana muke yi da haƙurinsa. Da aka watse sai na ɗauki Littafi Mai Tsarki na karanta littafinsa daga farko har ƙarshe, sura 42, ina neman mutumin nan da ake cewa in yi koyi da shi. Wanda na tarar ya ba ni mamaki. Ya rasa 'ya'ya goma a rana ɗaya, maza bakwai mata uku. Da farko ya yi sujada. Amma daga sura ta uku sai ya buɗe baki: ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi ta tambayar Allah dalili, ya nemi a ba shi dama ya kai ƙararsa a gabansa. Sura bayan sura yana kuka yana gardama. Abin da bai yi ba shi ne juya baya. Duk zafin maganarsa, Allah yake fuskanta da ita.

Abokansa uku ma sun koya mini wani abu. Da suka iso, sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Sai da suka fara bayani, suna cewa lallai akwai laifin da ya yi, sannan suka zame masa ƙarin ciwo. A ƙarshen littafin kuma su Allah ya tsawata wa, ya ce Ayuba ya yi musu addu'a. Ayuba kansa ba a taɓa gaya masa dalilin wahalarsa ba. Mai karatu ya sani, shi bai sani ba. Na rufe littafin da sauƙi a raina, domin na gane haƙurin da ake nema a wurina bai hana ni kuka ba, bai hana ni tambaya ba, kuma ba dole sai na sami amsa ba kafin in ci gaba da zama a gaban Allah.

A unguwar nan na sami mai zaman kwana bakwai irin na abokan Ayuba. Wata Hajiya ce da ke bayan gidanmu. Kullum bayan la'asar sai ta shigo da 'yar tabarmarta da kwanon fura, ta ce, "Malama, ya ƙarin haƙuri?" ta zauna. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Wani lokaci ta tsince mini shinkafa, wani lokaci mu yi shiru har a kira magariba ta tashi. Ta yi haka fiye da wata guda. Ita ma ta binne 'ya'ya biyu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu magana.

Ba zan ɓoye muku ba, addu'a ta bushe mini wata da watanni. Shekara goma sha tara roƙona ɗaya ne, a ba shi lafiya. Da ya tafi sai na durƙusa in rasa abin cewa. Ranar Lahadi nakan je coci in zauna a bencin baya, a ɗauki waƙa bakina ya ƙi buɗewa. 'Yan Zumuntar Mata ba su matsa mini ba. Wata daga cikinsu, 'yar Eggon, ta riƙe hannuna wata rana ta ce, "Mama, ki bari mu rera miki. Ranar da namu ya zo ke za ki rera mana." Haka aka yi ta yi. Su ke waƙa, ni ina zaune, ina jin kamar an goya ni.

A wannan lokaci Zabura ce ta ba ni baki. Da can waɗanda ake karantawa a biki na fi sani. Yanzu sai na ga da yawa daga cikin 150 ɗin nan kuka ne da ƙorafi. Ta 88 ma ba ta ƙare da yabo ba, cikin duhu ta ƙare, amma an bar ta a cikin Littafi. Na ce ashe akwai wurin zama ga irina. Sai kuma labarin Li'azaru a sura ta 11 ta Yohanna. Marta da Maryamu duk sun nuna wa Yesu cewa ya makara, bai tsawata musu ba. Da ya ga kukansu, shi ma ya yi hawaye, alhali ya san zai tashe shi. Mu Kiristoci mun gaskata cewa Almasihu ya ɗanɗana azabar jiki da mutuwa a kan gicciye, uwarsa tana tsaye tana kallo, kuma ya tashi a rana ta uku. Na daɗe da sanin wannan a kai. A daren asibiti, da na kasa ɗauke wa ɗana ko ƙwayar zafi ɗaya, na gane tsayuwar Maryamu a jikina. Begen tashin matattu bai rage mini kewa ba, amma ya sa na san inda na ajiye yaron. Wani abu kuma da ban taɓa gaya wa kowa ba: a cikin addu'a, ni kaɗai a ɗaki, yanzu ina kiran sunansa. A gaban Allah ban ga wanda zan ji wa kunya ba.

Wani abin da ya tallafe ni daga nesa ya zo, daga bakin kakata. Ita 'yar Gimi ce, a ƙasar Zazzau. Iyayenta suna cikin mutanen da ake kira Isawa, mabiyan wani malamin Kano na ƙarni na 19 mai suna Malam Ibrahim, waɗanda suka ba Annabi Isa matsayi na musamman. A 1913 wasunsu suka sadu da Likita Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Suka yi gonaki, suka yi makaranta da wurin sujada. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya faɗa musu. Mutane suka yi ta mutuwa har dole aka bar garin. Ku duba fa, ba su daɗe da karɓar sabuwar bangaskiya ba, dangi suna kallo, ga kaburbura suna ƙaruwa. Ba sai an faɗa muku abin da aka riƙa ce musu ba. Duk da haka waɗanda suka tsira da yawa sun riƙe, kuma zuriyarsu na cikin waɗanda suka zauna a Wusasa bayan mishan ya koma can a 1929. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, kakata kuma ta koyi karatu da shi.

Ina yarinya na taɓa tambayarta me ya sa ba su bari ba. Ta ce uwarta ta binne 'ya'ya uku a Gimi, kuma abin da takan ce shi ne ba don a tsare ta daga mutuwa ta bi Yesu ba, tunda a ko'ina ana mutuwa. Ta bi shi ne don ta yarda gaskiya ne, ciwo kuma bai mai da gaskiya ƙarya ba. A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba. Yanzu da ita nake tashi da safe.

'Yata kuwa har yau ba ta koma coci ba. Ita ce ta fi shaƙuwa da yayanta, ita ke kwana a ƙasan gadonsa. Ta ce mini, "Mama, kin yi azumi, kin yi baiko, kin kwana kina kuka. Wa ya amsa miki?" Na ce mata ba ni da amsar da za ta gamsar da ita, kuma ba zan ƙirƙiro ba. Wasu dattawan ikilisiya sun so su zo su yi mata faɗa, na roƙe su su bari. Toma ya ƙi yarda da labarin tashin Yesu, amma bayan mako guda yana nan a cikin 'yan uwansa, ba wanda ya kore shi. Nakan dafa mata abin da take so, in yi addu'ata a inda za ta iya ji in ta ga dama. Wannan shi ne nauyin da nake ɗauke da shi yanzu, kuma ina roƙon duk mai addu'a a cikinku ya sa ta a ciki.

Ina da roƙo uku a wurinku, jama'ar unguwa. Na farko, idan kun je dubiya ko ta'aziyya, ku bar dalili a gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kai ruwa, ku kai itace, ku ɗauke wa uwa yara na yini guda, ku zauna. Na biyu, samari masu lafiya ku san rukunin jininku, kuma in an ce ana neman jini kada ku tsaya tambayar ɗan wane ne. Akwai yara masu sikila a layuka da dama na Akurba, iyayensu suna ɓoyewa don gudun surutu. Na uku, a yi gwajin jini kafin a sa rana, tun soyayya ba ta yi nisa ba. Coci-coci da yawa yanzu sai da takardar gwaji suke ɗaura aure, Jihar Kano ma ta mai da shi doka a 2024. Yin gwaji ba ya rage dogara ga Allah. 'Yata AS ce, ta sani, kuma na gaya mata duk wanda ya zo, asibiti za mu fara zuwa. Ban taɓa yin da-na-sanin haihuwar yaron ba, shekarunsa goma sha tara kyauta ce a wurina, amma ba na so wata uwa ta koyi abin da na koya a kan jikin ɗanta.

Ga Alhaji mai hatsi, ga samarin da suka ba da jini, ga Hajiya, ga 'yan Zumuntar Mata, ga waɗanda suka haƙa kabari da waɗanda suka share ƙofar gida suka kafa rumfa, Musulmi da Kirista, Allah ya sāka muku da alheri, ya sa ku gama da duniya lafiya. Masu jinya Allah ya ba su sauƙi, masu makoki ya ba su masu zama tare da su. Ubangiji ya riƙe mu duka. Amin.